Yadda Ake Haɗa Motar Rimot Mai Zamiya a Ƙauye, Daga Daɓe Har Zuwa Fenti

Wanda ya ga bidiyon ƙananan motocin rimot suna shan kwana a karkace, bayansu yana shara gefe guda alhali hancinsu yana kallon cikin kwanar, zai iya ɗauka cewa ƙarfin inji ne sirrin abin, amma ba haka ba ne. Motar zamiya, wadda masu harkar suke kira dirif, tana cikin motocin rimot da suka fi tafiya a hankali, kuma kyawun tafiyarta yana fitowa ne daga daidaituwar abu uku: santsin daɓe, da taurin taya, da saurin sitiyari. Saboda haka mazaunin ƙauyukan Kano ko Jigawa, inda yashi ya fi kwalta yawa kuma wutar lantarki takan yi kwanaki ba ta leƙo ba, ya kamata ya fara lissafinsa daga ƙasan da motar za ta taka, da ƙurar da za ta shaƙa, da inda zai yi caji, kafin ya kai ga zaɓen launi da fitilu.

Asalin wannan salon tuƙi daga Japan yake. Direban tsere Kunimitsu Takahashi ya yi suna da shi a shekarun 1970, Keiichi Tsuchiya ya yaɗa shi bayansa, sannan gasar D1 Grand Prix da ta kankama a 2001 ta mayar da shi wasan ƙwararru mai alƙalai da maki. Shi ya sa yawancin bodin da ake sayarwa na ƙananan motocin kwaikwayo ne na motocin Japan irin su Toyota AE86 da Nissan Silvia da Mazda RX-7, kuma manyan kamfanonin da suke ƙera kayan suna Japan da Taiwan da Hong Kong.

Daɓe kafin mota

Tayar motar zamiya busasshiyar roba ce mai tauri, ba ta lotsawa, kuma tsakanin cikin motar da ƙasa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba. Ke nan ba za ta yi tafiya a tsakar gida mai turɓaya ba, ba za ta hau burji ba, kuma ko tsakuwa mai girman ƙwayar gero tana iya ɗaga taya ɗaya ta ɓata zamiyar. Wanda ba shi da wuri mai santsi, gara ya sayi motar rimot mai manyan tayoyi ta hawan ƙasa ya huta, domin wannan ba za ta ba shi komai ba sai takaici.

Abin da ake nema shi ne daɓen siminti wanda magini ya barbaɗa wa busasshen siminti ya goge shi da cokalin gini har ya yi sheƙi, ko tarazo, ko tayil mai faɗi wanda layukan da suke tsakaninsa ba su yi zurfi ba. A ƙauye irin wannan wuri bai yi ƙarancin da ake zato ba. Akwai sito da yake zama fayau kafin a kawo amfanin gona, akwai shagon da ba a kama haya ba, akwai barandar makaranta bayan an tashi idan hedimasta ya ba da izini, akwai kuma babban zaure. Daɓen shanya shinkafa irin na yankin Kura da Haɗeja yana da faɗi, sai dai galibinsa yana da kaushi, yana cinye taya da wuri kuma yana riƙe motar fiye da kima. Idan daɓen bai yi santsi ba, ledar tsakar ɗaki mai kauri da aka shimfiɗa aka miƙar da ita sosai, aka manne bakinta da tef, tana iya rufa asiri. A ganina fili mai mita 4 a faɗi da mita 6 a tsawo ya isa mai koyo da babbar motar rimot, ƙarama kuwa rabin haka ma ya wadatar. Wanda zai yi sabon daɓe a gidansa domin wannan, ya roƙi magini ya yi amfani da ma'aunin ruwa, saboda gangaren da ido ba ya gani motar tana jin sa, kuma za ta riƙa zamewa da kyau ta hagu tana ƙi ta dama ba tare da laifin saiti ba.

Iyakar hanya ana yin ta da tsohon tiyo ko fayif na ruwa da aka kwantar, alamomin kwana kuma da robobin ruwa marasa komai a ciki. Kada a yi amfani da bulo ko gwangwani, domin karo da su yana karya hannun taya kuma yana yage fenti.

Girman mota da ƙafar da take ja

Girman da ya fi yaɗuwa shi ne 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na ainihin mota. Tsakanin tayar gaba da ta baya kusan milimita 257 ne, faɗin bodi kuma tsakanin 190 da 200. Amfanin wannan girman shi ne kusan duk kamfanoni sun yi tarayya a awo ɗaya, ta yadda wili na wannan yana shiga na wancan saboda mazauninsa mai kusurwa shida milimita 12 ne, inji kuma girman da ake kira 540. Akwai ƙanana masu girman 1/18 da 1/24 da 1/28, irin su WLtoys K969, waɗanda suke zuwa a haɗe da rimot da batir kuma ba su kai babbar tsada ba. Suna da kyau ga wanda yake son ya gwada ko abin zai zauna masa, amma gyare-gyaren da za a yi musu kaɗan ne, kuma ƙura ta fi saurin tsayar da su.

Bayan girma sai maganar ja. Mota mai jan ƙafa huɗu, irin Tamiya TT-02D, ta fi sauƙin sarrafawa a ranar farko kuma ta fi haƙuri da daɓen da bai cika santsi ba. Mai jan baya kaɗai, irin jerin YD-2 na Yokomo, ko RMX na MST, ko Sakura D5 na 3Racing, ita ce wadda masu harkar suka koma a yanzu, domin tafiyarta ta fi kama da ta ainihin mota, tayoyinta na gaba suna lanƙwasuwa sosai, kuma tana iya zamiya a hankali ba tare da ta miƙe ba. Ra'ayina shi ne, wanda ya samu daɓe mai kyau ya fara da mai jan baya kai tsaye, saboda hannun da ya saba da jan ƙafa huɗu sai ya sake koyo daga farko idan ya canza. Wanda daɓensa na malejin ne, ya ɗauki mai jan huɗu.

Ana sayar da su iri biyu, haɗaɗɗiya wadda za a kunna a tuƙa, da kuma warwatsattsiya a cikin ledoji masu lamba tare da littafin haɗawa. Ga wanda yake nesa da birni, warwatsattsiyar ta fi, ko da kuwa za ta ci masa kwanaki, domin ranar da wani abu ya karye babu bakaniken da zai kai wa, kuma wanda ya ɗaura kowane noti da hannunsa shi ya san inda zai duba. Sai dai a sani cewa kwalin warwatsattsiya galibi ba ya ɗauke da rimot, da sarbo mai juya sitiyari, da jairo mai taimakawa wajen riƙe zamiya, da batir, da caja, sau da yawa har da inji da taya da bodi, kuma kuɗin waɗannan idan aka tara yakan kai na shasin ko ya zarce. Yawanci ta intanet ake odar su daga waje, don haka a nemi adireshin ɗan uwa a Kano ko Dutse wanda zai karɓa, kuma a haɗa da kayan gyara tun a odar farko: hannayen taya na gaba, da ƙoƙunan da sandunan sitiyari suke maƙalewa a ciki, da babbar giya guda ɗaya, da boris. Jiran ƙaramar roba ɗaya na tsawon makonni shi ne abin da ya fi kashe wa mutane gwiwa. Waya da dalma da tef da soket kuwa ana samun su a Sabon Gari ko wajen masu gyaran waya na Farm Centre.

Haɗawa

Kayan aikin ba su da yawa: alanki mai lamba 1.5 da 2.0, abin ɗaure noti mai lamba 5.5 da 7, sukundireba mai kan gicciye idan Tamiya ce, filaya mai dogon baki, reza, da ma'aunin milimita. Alankin ya zama mai kyau, domin mai taushin ƙarfe yana cinye kan sukuru, kuma sukurun da kansa ya cinye a cikin roba fitar da shi aiki ne. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire ko faranti mai faɗi, a buɗe leda ɗaya kawai a lokaci guda bisa lambar da littafin ya nuna, kuma a yi aikin a ɗakin da yara da kaji ba sa shiga, saboda akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe da zoben roba da idan suka faɗi a ƙasa ba a sake ganin su.

Sukurun da yake shiga roba ana ɗaure shi ne har ya zauna, daga nan a tsaya, domin ƙarin rabin juyi yana iya cinye haƙoran ramin. Wanda yake shiga ƙarfe ana ɗiga masa shuɗin ruwan riƙe noti kaɗan, amma kada ruwan ya taɓa roba saboda yana sa ta tsagewa, kuma kada a maye gurbinsa da sufagulu. Bayan an haɗa kowane hannun taya, kafin a saka shokazoba, a ɗaga shi da yatsa a sake shi. Idan ya faɗi da kansa, ya yi daidai. Idan ya tsaya a sama, akwai inda ya matse, sai a sassauta ko a goge wurin da samfefa mai laushi. Wannan gwajin ya fi kowane kayan ado muhimmanci, domin a kan taya mai santsi ɗan ƙaramin matsi yana hana motar jin nauyinta. Sandunan daidaitawa na hagu da na dama kuma a auna su da ma'auni su zo daidai, kada a dogara da ido.

Shokazoba tana son natsuwa. Ana cika ta da man silikon da ya zo da ita, a tura sandar sama da ƙasa a hankali, sannan a jingine ta a tsaye. Idan aka duba da fitilar waya za a ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin fistin, kuma sai sun ƙare ƙaf ake rufewa. Wanda ya yi gaggawa ya rufe da iska a ciki zai ji tana ƙara idan ya danna, kuma ƙafa ɗaya za ta fi sauran laushi. Man inji ko man birki ba sa maye gurbin silikon, domin suna iya lalata zoben robar da yake hana yoyo.

Wajen haɗa ƙaramar giyar inji da babbar giya, a yanki siririyar takardar littafi a saka tsakanin haƙoransu, a matsa injin har ya danne ta, a ɗaure, sannan a juya giyar takardar ta fito. Idan ta fito da lanƙwasa irin ta haƙoran ba tare da ta yage ba, tazarar ta yi. Waɗannan giyoyi biyu da suke a buɗe ba a shafa musu giris, musamman a ƙasarmu, domin giris yana kama ƙura ya zama abin da zai cinye haƙoran. Giris na cikin akwatin giya ne kawai wanda yake a rufe. Lissafin giya kuma ba shi da wuya: a raba haƙoran babbar da na ƙaramar, a ninka da adadin cikin akwatin, wanda yake 2.6 a YD-2 da TT-02. Misali, babba mai haƙora 84 da ƙarama mai 21 suna ba da 4, idan aka ninka da 2.6 a samu 10.4. Idan wannan adadin na ƙarshe ya ƙaru, motar takan rage gudu, inji ya rage zafi, totur kuma ya yi laushi, abin da mai koyo yake buƙata ke nan.

Kayan wuta, da inda ya kamata kuɗi ya tafi

Idan kuɗi bai isa a sayi komai mai kyau ba, a fifita sarbo da jairo a kan inji. Sarbo shi ne ɗan akwatin da yake juya sitiyari, kuma ana son mai sauri wanda yake juya digiri 60 a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Jairo kuma na'ura ce da take jin lokacin da bayan motar ya fara zamewa, sai ta umarci sarbo ya mayar da tayoyin gaba wajen da bayan ya nufa tun kafin hannun mutum ya motsa. Mai jan baya ba ta tuƙuwa sai da shi, kuma amfani da shi ba maguɗi ba ne, haka kowa yake yi. Inji kuwa, maras burushi mai wayar sansa, wato wayar da take bayar da labarin juyawar injin, mai lamba 13.5T ko 10.5T, shi ne abin da aka saba, kuma ƙaramar lamba ta fi gudu. A ƙaramin fili 13.5T ya ishi kowa, kuma inji mai burushi mai araha ma yana koyar da mutum duk abin da zai koya a watannin farko. Na'urar sarrafa gudu, wato ESC, mai amfiya 60 ta wadatar. Rimot mai zangon 2.4GHz, irin na FlySky ko Radiolink, yana ba motoci da yawa damar tafiya tare ba tare da sun shiga layin juna ba, amma a tabbata yana da tasha ta uku, wadda ake saita ƙarfin jairo da ita, da wurin rage iyakar sitiyari da totur.

Jeren wayoyin shi ne: sarbo ya shiga jairo, jairo ya shiga tasha ta ɗaya a risiba, wato ɗan akwatin da yake karɓar umarnin rimot a cikin motar, ESC ta shiga ta biyu, wayar ƙarfin jairo ta shiga ta uku. Wayoyi uku na injin mai sansa suna da alamar A da B da C, kuma kowace sai ta tafi wurinta. Wanda hannunsa bai faɗa da liƙin dalma ba ya kai wa mai gyaran rediyo, domin wayar batir tana da kauri, kuma juya ja da baƙi sau ɗaya tak yana ƙone ESC nan take. Kullum rimot ake fara kunnawa kafin mota, wajen kashewa kuma motar ake fara kashewa.

Jairo ana manne shi a kwance da tef mai manne fuska biyu, nesa da inji. Don a gwada shi, a ɗaga motar a kunne, a karkata bayanta zuwa dama da sauri. Tayoyin gaba su ma ya kamata su juya dama. Idan suka juya hagu, a danna maɓallin juya alƙibla da yake jikinsa, in ba haka ba motar za ta riƙa juyawa a wuri ɗaya da zarar an taɓa totur. A fara da ƙarfinsa a wajen rabi, a riƙa ƙarawa har tayoyin gaba su fara karkarwa idan motar tana tafiya, sannan a rage kaɗan. A kuma saita iyakar sitiyari ta yadda sarbo ba zai ci gaba da turawa ba bayan taya ta kai maƙura, domin kukan da yake yi a wannan hali alama ce ta yana cin kansa.

Batir shi ne ɓangaren da sakaci yake da haɗari na gaske. Wanda aka fi amfani da shi shi ne LiPo mai sel biyu, wato ƙwayoyin batir biyu a haɗe, folt 7.4, wanda yake cika a 8.4, wato 4.2 kowane sel. Ba a barin sel ya sauka ƙasa da folt 3.2 ko kusa da haka, kuma idan za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, a bar shi a 3.8, ba a cike ba kuma ba a ƙare ba. Caja ta musamman mai daidaita sel ake amfani da ita, kuma abin farin ciki ga mazauna karkara shi ne irin su iMAX B6 suna karɓar wuta daga folt 11 zuwa 18, ke nan za a iya jona su kai tsaye da batirin sola ko na mota ba sai an bi ta inbata ko janareta ba. Batir mai 4000mAh ana caja shi a amfiya 4 ko ƙasa da haka. A saka shi a cikin tukunyar ƙasa mai ɗan yashi a gindi yayin caji, a kan daɓe, nesa da katifa da zana da kara da jarkar fetur, kuma kada a tafi a bar shi. Zafin bazara da yake haura digiri 40 a Afrilu ba ya yi masa kyau, don haka kada a bar shi a rana ko a ɗakin kwano da aka rufe da tsakar rana, kuma a bari ya huce bayan wasa kafin a jona shi. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Wanda yake ganin ba zai iya kiyaye waɗannan ba, ko yaro ne zai riƙa riƙe motar, ya sayi NiMH mai folt 7.2, wanda ya fi nauyi amma ya fi haƙuri. Tsofaffin batiran kwamfutar hannu da ake cirowa ba a yi su don irin wannan jan wuta ba.

Taya da saiti

Tayoyin kamfani ana yin su da roba mai tauri iri-iri, wasu don siminti, wasu don tayil, wasu don kafet, kuma yana da kyau a sayi kala biyu a gwada a kan daɓen da ake da shi. Tun farkon harkar mutane suna yanka fayif na roba su sanya a wili, kuma har yanzu dabarar tana aiki ga mai jan ƙafa huɗu. A tafi da wilin shagon kayan famfo a gwada shi da fayif mai inci biyu, a yanka zobba masu faɗin milimita 26, a goge bakinsu, a naɗa tef a wilin har zoben ya shiga da ƙyar. Matsalar ita ce yankan da bai miƙe ba yana sa motar tsalle kamar amalanken da wilinsa ya lanƙwashe, don haka ga mai jan baya na fi son tayar kamfani.

Saiti a fara da na littafi, kuma a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a rubuta shi a takarda. Tayoyin gaba ana kwantar da samansu ciki da digiri 5 zuwa 8 ko fiye, saboda idan sitiyari ya lanƙwashe sosai su taka ƙasa da kyau, na baya kuma digiri 1 zuwa 3. Na gaba suna ɗan gwalewa waje, na baya suna ɗan kallon ciki. Idan bayan motar yana wucewa ta juya gaba ɗaya, a sassauta sifirin na baya, ko a matsar da batir baya, ko a rage totur daga rimot zuwa kashi 60 ko 70 cikin ɗari. Idan kuma tana ƙin zamewa tana tafiya gaba, a yi akasin haka. Ƙananan ƙarafa masu manne na giram 5 da 10, waɗanda masu daidaita wilin mota suke amfani da su, suna da amfani wajen ƙara nauyi a inda ake so. Bayan minti biyar na wasa a taɓa inji da yatsa. Idan ba a iya riƙe yatsan na 'yan daƙiƙoƙi ba, ya kusa digiri 70, sai a saka ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora.

Bodi da ado

Bodin yana zuwa ne garau ba launi, da wata roba mai lanƙwasuwa da ake kira folikabonet, kuma daga ciki ake yi masa fenti, ta yadda robar kanta take zama sheƙin waje kuma karo ba ya kankare launin. A fara yanke shi da reza: a ja layi a hankali a kan alamar, a lanƙwasa, zai ɓalle da kansa. A ɗora shi a kan shasin tun yana garau a yi alamar ramuka, domin bayan fenti ba a ganin ciki. Daga nan a wanke cikinsa da sabulun wanke-wanke, a bari ya bushe, a manne takardun rufe gilasai. Fenti na musamman ake nema, irin jerin PS na Tamiya, saboda fentin feshi na ƙofa da babur yana bushewa da tauri, kuma yana ɓarewa a karo na farko. Ana fesawa sama-sama sau uku ko huɗu, a fara da launi mai duhu kafin mai haske, a rufe da fari ko ruwan azurfa don launin ya fito. A lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin a fara, a yi aikin da safe kafin iska ta taso, a inda iska take shiga amma ba ta kaɗawa. Sai an gama duka ake ɓare siririyar ledar da take waje, kafin a manna sitika.

A nan ne ɗan ƙasa yake da abin da ba sai ya yi oda ba. Masu yankan sitika na Adaidaita Sahu da babura suna iya yanka kowane zane a ƙaramin girma, ko na mannawa a waje, ko na rufewa a ciki kafin fenti. Ba dole ba ne a kwaikwayi rubutun Japan da ba a san ma'anarsa ba, alhali ga zanen furanni da kalmomin da ake rubutawa a bayan manyan motocinmu, ga dagin arewa, ga zanen aska takwas na babbar riga da zai zauna daram a kan bonet. Ana iya ɗaure bodi da maganaɗisu maimakon sanduna masu fitowa ta sama, a saka ƙananan fitilu da suke shan wuta daga risiba, a zaɓi wili mai fitowa waje da milimita 5 zuwa 8 don taya ta cika bakin bodi. Sai dai a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a tabbata taya ba ta gogar bodin, domin guga kaɗan tana sa motar juyawa a tsakiyar kwana. Kayan alminiyam masu launi suna da kyan gani, amma a bar su sai daga baya, saboda roba idan ta sha karo tana lanƙwasawa ta dawo, alminiyam kuwa yakan lanƙwashe ya zauna a haka.

Koyon tuƙin yana farawa da robar ruwa guda ɗaya a tsakiyar fili. A riƙa zagaya ta a karkace, hanci yana kallonta, da totur mai ɗorewa ba na fizga ba, har a iya zagaye da yawa ba tare da an juya ba, sannan a koma ɗaya hannun, wanda kusan kowa yake samun ya fi masa wuya. Daga nan a ajiye robobi biyu da tazarar mita biyu a riƙa zagaya su ana sauya hannu a tsakiya, domin a wannan sauyin ne ake koyon sassauta totur na ɗan lokaci don bayan motar ya koma ɗaya gefen. Sai wannan ya zauna ake shiga bin bango da jerawa da motar aboki ƙofa da ƙofa.

Kafin kowane wasa a share daɓen a bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe. Bayan wasa a cire batir daga soket, a kaɗe motar da burushin fenti mai laushi, a hura lungunan da abin hura iska na masu gyaran waya, a goge tayoyi. Kada a wanke ta da fetur ko kananzir. Duk bayan 'yan makonni, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, a cire tayoyi a juya kowane boris da yatsa, wanda aka ji yana ƙaiƙayi a wanke shi a ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo ɗaya, wanda ya ƙi sakewa a canza shi. Motar kuma a ajiye ta a cikin akwati mai murfi, a ɗora cikinta a kan ɗan katako yadda tayoyin ba za su taɓa ƙasa ba, don kada sifirin ya zauna a danne.